Waiwaye: Yadda masana'antu suka fara gina ƙarfe maimakon sassaƙa shi

Tun da aka fara ƙira, hanyoyin da ake bi a fitar da wani sashe na inji ba su da yawa: ko a narkar da ƙarfe a zuba shi a zubi, ko a bubbuga shi da zafinsa, ko kuma a ɗauko dunƙule a yi ta yanka ana gogewa har siffar da ake so ta fito. Ko lokacin da Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka ta nuna injin yankan ƙarfe mai bin umarnin lambobi a 1952, abin da ya sauya shi ne hannun da ke juya injin, amma aikin yana nan a matsayin ragewa. A ƙirar jiragen sama, inda ake amfani da titaniyom mai tsada, sau da yawa mafi yawan dunƙulen da aka saya ɓarɓashi yake komawa.

Tunanin juya wannan aiki, wato a riƙa ɗora abu shimfiɗa bisa shimfiɗa har siffa ta tashi (abin da yau ake kira "3D printing" a Turance), ya bayyana a rubuce a 1981, lokacin da Hideo Kodama na wata cibiyar binciken masana'antu a Nagoya ta Japan ya bayyana yadda za a daskarar da ruwan roba da haske. Chuck Hull a Amurka ya nemi takardar mallakar irin wannan fasaha a 1984, ya samu a 1986, ya kuma kafa kamfanin 3D Systems. A Jami'ar Texas da ke Austin, Carl Deckard ya gwada haɗe garin roba da hasken lesa, yayin da Scott Crump ya fito da dabarar narkar da zaren roba ana matso shi ta wani ɗan baki, wadda a kanta aka gina kamfanin Stratasys. Sai dai shekara da shekaru abin da waɗannan na'urori ke fitarwa samfuri ne kawai, wanda injiniya zai riƙe a hannu ya duba kafin a koma hanyar gargajiya a ƙera na gaske. Da wa'adin takardar mallakar fasahar Crump ya ƙare a 2009, ƙananan na'urori masu araha suka cika kasuwa, aka yi ta hasashen kowane gida zai zama masana'anta, hasashen da a ganina ya ɗauke hankalin jama'a daga inda ake ainihin aikin.

Ainihin aikin yana wajen ƙarfe. A 1995 masu bincike a Cibiyar Fraunhofer da ke Aachen a Jamus suka fara narkar da garin ƙarfe gaba ɗaya da lesa. A cikin akwatin da aka kori iskarsa aka cika da iskar argon, wadda ba ta taɓa ƙarfe, wani hannun inji yana shimfiɗa garin da kaurinsa bai wuce na gashin mutum ba, hasken ya bi zanen da kwamfuta ta ba shi ya narkar da inda ake buƙata, faifan da garin ke kai ya ɗan nutse, a sake shimfiɗa wani garin. Haka za a yi ta maimaitawa sau dubbai, wani lokaci na kwanaki, kafin a kaɗe garin da ya rage a ciro kayan.

Misalin da ya gamsar da masu shakka shi ne bakin feshin mai na injin jirgin sama samfurin LEAP, wanda kamfanin GE da Safran na Faransa suka haɗa hannu a kansa, ya kuma fara ɗaukar fasinja a 2016. A da sassa kusan 20 ake haɗawa da walda, yanzu guda ɗaya ne, ya fi sauƙi da kashi 25 cikin ɗari, kuma a cikinsa akwai lanƙwasassun hanyoyin mai da babu wata wuƙar inji da za ta iya shiga ta sassaƙa. Zuwa 2021 masana'antar GE da ke Auburn a jihar Alabama ta fitar da guda 100,000. A shekarar ce kuma aka buɗe gadar ƙarfe mai tsawon mita 12 a Amsterdam wadda hannayen mutum-mutumi suka gina da walda, sannan a Maris na 2023 kamfanin Relativity Space ya harba rokar Terran 1, wadda kusan kashi 85 na nauyinta da wannan hanya aka yi, ko da yake ba ta kai ga falaki ba.

Abin da ya jinkirta fasahar tsawon shekaru talatin shi ne amincewa da ƙarfen da ta fitar. Ƙarfen da ya narke ya daskare cikin ƙiftawar ido yana iya ɓoye ƙananan ramuka ko ya lanƙwashe, don haka sai an gasa shi cikin matsi mai ƙarfi, an goge fuskarsa, an leƙa cikinsa da hoton da ke ratsa ƙarfe, kafin hukumomin sufurin sama su sa hannu. Wannan ne ya sa har yanzu zubi da matsi suka fi ta araha nesa ba kusa ba idan ƙusa ko murfi miliyan ake so, kuma binciken da ake yi a yau ya fi karkata ga sanya lesa da yawa a na'ura ɗaya, da kyamarori masu sa ido kan kowace shimfiɗa tana narkewa, da haɗa sababbin gaurayen ƙarfe da aka tsara musamman domin wannan aiki.