Yawan zama da motsa jiki

Yawan zama, a yadda likitoci ke nufi, shi ne mutum ya kwashe mafi yawan awannin da idonsa yake biyu a zaune ko a kishingiɗe, jikinsa ba ya ƙona wani ƙarfin kirki. Barci ba ya ciki. Amma zaman ofis da zaman shago, tuƙin mota, kallon talabijin, danna waya, har zaman majalisa daga la'asar zuwa isha'i duk suna ciki. Motsa jiki kuwa duk wani aiki ne da tsoka za ta yi ta ci ƙarfi, ba wai sai gudu ko ƙwallo ba, shara ma tana ciki, wanki da daka ma haka.

Wani likita ɗan Birtaniya mai suna Jeremy Morris yana cikin waɗanda suka fara nuna illar a fili, a 1953. Ya duba ma'aikatan bas masu bene na Landan, sai ya ga direbobi da ke wuni a kujera sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan kwandastoci masu hawa da sauka suna karɓar kuɗi, alhali mota ɗaya suke ciki.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manyan tsokokin cinya da ƙafa su ne ke zuƙe sugan da ke cikin jini idan suna aiki, to in ka loda tuwo ko shinkafa da wake ka koma ka zauna awa huɗu, sugan nan yana nan yana yawo, jiki ya yi ta fitar da insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, har wata rana ya daina jin maganarsa, daga nan ne ciwon suga ke samun ƙofa. Kitse ya taru a ciki, jijiyoyin jini su yi tauri, sai hawan jini, sai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. An kuma danganta rashin motsa jiki da kansar hanji da ta mama, da ciwon damuwa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2022 kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jikin da ya kamata, kuma abin ya fi yawa a mata.

A Katsina da Daura dai da can ba wanda yake ware wa motsa jiki lokaci, don rayuwar ce gaba ɗaya motsi. Maza huɗa da noma da tafiya cin kasuwa a ƙafa ko a keke, samari kokawa da dambe da langa, 'yan mata gaɗa a dandali, mata kuma surfe da daka da niƙa da jan guga a rijiya. Yanzu inji ya karɓi aikin turmi, mai garuwa yana kawo ruwa har ƙofar gida, mashin da keke napep sun karɓe tafiya. Ba wanda ke cewa a koma wahalar da, sauƙi ni'ima ne, sai dai ba mu sa komai a gurbin aikin da ya tafi ba. Ka duba mai shago a babbar kasuwa, tun ƙarfe tara ya hau benci, yaro ne zai miƙo kaya, yaro zai karɓo canji, yaro zai sayo fura, shi kam ba ya tashi sai sallah, da yamma ya hau mashin a sauke shi a majalisa ya ɗora wani zaman da shayi mai suga.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne kunya. Dattijo ya fito yana taka ƙafarsa daga Ƙofar Ƙaura, kafin ya yi nisa mutum uku sun tsaya, “Alhaji lafiya dai? Ina motar? Hau mana in rage maka hanya”, kuma da kyakkyawar niyya suke yi wallahi, amma gobe ba zai sake fitowa ba kar a ce ya karye. Tumbi kuma har yanzu ana ce masa alamar hutu. Mata su abin ya fi yi wa katutu, matar aure ta ce za ta fita zagaye sai an tanka, ga tsakar gidan yanzu duk ya tsuke.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 shi ne, mai shekara 18 zuwa 64 ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Yara 'yan 5 zuwa 17 awa ɗaya kullum. Masu 65 zuwa sama su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a sati saboda faɗuwa. Matsakaici shi ne wanda numfashi zai ɗan ƙaru, kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. In ka raba minti 150 ɗin, minti 30 ne sau biyar, kuma ba sai an je filin wasa na Muhammadu Dikko ba, tafiya masallacin Juma'a a ƙafa da ɗan sauri ta shiga lissafi, tsallen igiya a tsakar gida ma haka. Mai dogon zama kuma ya riƙa katse shi, ya miƙe ya ɗan zaga.

Lokaci mafi daɗi bayan asuba ne ko gab da magariba, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, a sha ruwa sosai. Da hunturu mai asma ya kiyayi ƙura. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma yana ƙarawa. Mai shan maganin suga ya riƙe dabino a aljihu don sugansa na iya faɗuwa, ya sa takalmi mai rufi ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin tafiya ya tsaya nan take, ya nemi likita kafin ya sake fita.