Tramol, kodin da hanta: yadda wani magani ke sauya aikin wani

A Damagaram ba baƙon abu ba ne mutum ya haɗa magani biyu ko uku a rana ɗaya: wanda likita ya rubuta, wanda ya saya a farmasi, da wanda ya tsinta a farantin mai talla. Ga magunguna da yawa hakan kan wuce lafiya. Amma ga masu kashe zafi dangin morfin, wato kodin, Tramol, metadon, fentanil da oksikodon, haɗin yana iya kaiwa ga rasa rai.

Ina maganin yake zuwa idan an haɗiye shi?

Daga hanji jini ke kwashe shi zuwa hanta. A cikin hanta akwai wasu sinadarai da ake kira enzayim, aikinsu sarrafa duk abin da ya shigo. Biyu ne suka fi shafar maganarmu: CYP3A4 da CYP2D6. A ɗauke su kamar injin niƙa na unguwa. Idan injin ya tsaya, hatsi ya taru a bakin ƙofa, gari kuma ba ya fitowa. Akwai magungunan da ke tsayar da waɗannan injuna ko su rage masu gudu.

To idan an tsayar da injin, maganin ƙara ƙarfi yake ko raguwa?

Nan ne mutane ke rikicewa, domin amsar ita ce duka biyun, ya danganta da maganin.

Fentanil, oksikodon da metadon da ƙarfinsu suke shiga jiki, hanta ce ke karya su ta fitar. Idan aka toshe CYP3A4, sai fentanil ko oksikodon ya taru a jini. Ƙwayar da mutum ya saba sha ba tare da matsala ba, yau ta zame masa kamar ya ninka, numfashinsa ya fara ja da baya.

Kodin kuwa akasin haka ne. Shi kansa ba ya kashe zafi sosai, sai CYP2D6 ya mayar da wani ɗan kasonsa, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ya zama morfin. A toshe wannan enzayim, mutum ya sha kodin zafin na nan daram. Tramol ma haka: hanta ce ke fitar da ɓangarensa mai ƙarfin kashe zafi. Sai dai shi ya fi kodin sharri a nan, domin Tramol ɗin da bai sarrafu ba yana taruwa, kuma shi ne ke tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai shan ya ga "bai kama ba", ya ƙara ƙwaya, ya ƙara wata. Ɗan kabu-kabu ko lebura da ya saba sha don ya jure aiki, wannan tarkon ya fi kusa da shi.

Waɗanne magunguna ne ke toshe su?

Masu toshe CYP3A4 sun haɗa da eritromisin da klaritromisin na kashe ƙwayoyin cuta, ketokonazol, itrakonazol da fulukonazol na ƙaiƙayi da ciwon sanyin mata, sai ritonabir da ke cikin wasu magungunan Sida. Har ruwan lemun garehul yana yi. Masu toshe CYP2D6 kuwa akwai fuluwoksetin da faroksetin na ciwon damuwa, da kinidin na bugun zuciya.

Fuluwoksetin da Tramol haɗi ne da ya kamata a ji tsoronsa ta wata fuskar kuma: dukansu suna ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, sai a ga zazzaɓi, zufa, karkarwa da ruɗewa. A garin da duk zazzaɓi sauro ake fara zargi, wannan yana iya ɓuya.

Idan na daina shan mai toshewar, shi ke nan?

Ba nan take ba. Fuluwoksetin yana ɗaukar makonni kafin ya bar jiki. Kuma wanda ya ƙara yawan kodin lokacin da hantarsa ke toshe, ranar da ta buɗe morfin zai kwararo masa fiye da yadda jikinsa ya saba.

Maganin tarin fuka fa?

Rifamfisin, mai mayar da fitsari ja, ba toshewa yake ba, ƙara wa injin gudu yake. Metadon da oksikodon sai su ƙare da wuri, zafi ya dawo. Haɗarin yana bayan an gama maganin tarin: idan an ƙara na zafin kuma ba a rage shi ba, injin ya koma gudunsa na da, maganin ya taru a jini.

Me ya sa mutum biyu ke shan abu ɗaya, ɗaya ya yi ta barci, ɗaya ko gezau?

Gado ne. Wasu an haife su CYP2D6 ɗinsu kusan ba ya aiki, wasu kuma nasu gudu yake fiye da kima, sai kodin ya zame masu morfin mai yawa. A Habasha an samu masu irin wannan saurin sun kai kusan kashi 29 cikin 100. Saboda haka ne a 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da Tramol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa, tunda morfin na bi ta nono. 

Morfin shi ma haka ne?

Shi ta wata hanya daban hanta ke sarrafa shi, don haka waɗannan masu toshewar ba su cika taɓa shi ba. Matsalarsa ƙoda ce: idan ta raunana, abin da aka karya daga gare shi ya taru.

Idan na ga wani ya faɗi, me zan yi?

Duba numfashinsa: ya yi jinkiri ko yana wani irin minshari, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura, leɓe ya sauya launi, ana jijjiga shi ba ya tashi. Kada a ɗura masa madara ko manja, shaƙe shi za a yi. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi babban asibitin Zinder ko cibiyar lafiya mafi kusa. Akwai allurar naloksom da ke warware dangin morfin, amma aikinta kan ƙare kafin na maganin, shi ya sa ake riƙe mutum ko ya farfaɗo. A tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da wanda ake jin kunyar faɗa wa likita.