Waiwaye: Yadda Amurka ta kai ga wajabta horo ga masu karɓar fitsarin gwajin ƙwaya

Idan aka ce an yi wa ma'aikaci gwajin ƙwaya, hankalin mutane kan tafi ne ga ɗakin gwaje-gwaje da na'urorinsa masu tsada, alhali sakamakon da zai iya raba direban babbar mota da sitiyari, ko ya sauke matuƙin jirgin sama daga aiki, yana farawa ne daga hannun wani mutum da ba a cika ambatonsa ba, wato wanda ke tsaye a bakin ƙofar ban-ɗaki riƙe da kofin roba da fom. Idan ya yi sakaci aka sauya fitsarin, ko ya liƙa lambar wani a kwalbar wani, babu ƙwarewar masana da za ta gyara ɓarnar daga baya. Duk da haka, Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa zurfafawa a wannan harka, ta shafe fiye da shekara goma tana gwada ma'aikatan sufuri kafin ta zayyana dalla-dalla irin horon da ya wajaba a kan wannan mutum.

Tushen al'amarin yana cikin soja. A 1971, lokacin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Shugaba Richard Nixon ta umarci a riƙa gwada fitsarin sojojin da za su koma gida saboda yawaitar shan hiroyin a tsakaninsu. Shekara goma bayan haka, a watan Mayun 1981, wani jirgin sama ya faɗi a kan katafaren jirgin ruwan yaƙin nan mai suna Nimitz, mutum 14 suka mutu, aka kuma sami alamar tabar wiwi a jikin wasu daga cikin mamatan, lamarin da ya sa rundunonin ƙasar suka faɗaɗa gwajin ƙwarai da gaske. Ba a jima ba matsala ta kunno kai, domin binciken da sojan ƙasa suka gudanar a 1983 ya nuna cewa sakamako masu yawa ba za su iya tsayawa a gaban shari'a ba, saboda raunin aiki da na ajiye bayanai. Irin wannan tuntuɓe ne ya ƙarfafa ƙa'idar da ake bi har yau, cewa duk hannun da kwalba ta bi, tun daga ban-ɗaki har zuwa kan teburin masani, dole ne a san shi a rubuce.

Gwajin ya shiga aikin farar hula ne a watan Satumban 1986, sa'ad da Shugaba Ronald Reagan ya sanya hannu a kan umarni mai lamba 12564 na tsarkake ma'aikatun tarayya daga miyagun ƙwayoyi. Sai kuma ga hatsarin garin Chase a jihar Maryland, ranar 4 ga Janairun 1987, inda jirgin fasinja na Amtrak ya yi karo da wasu kawunan jirgi na kamfanin Conrail, mutum 16 suka rasa rayukansu, aka kuma tabbatar cewa direban Conrail ɗin ya sha wiwi. A watan Afrilun 1988 Ma'aikatar Lafiya ta fitar da ƙa'idojin gwaji na ma'aikatan tarayya, kuma a ƙarshen shekarar Ma'aikatar Sufuri ta ɗora nata tsarin a kansu, wanda masu harkar ke kira Kashi na 40, domin a nan yake cikin kundi na 49 na dokokin tarayya. Rukuni biyar ake nema a lokacin: wiwi, da hodar iblis, da dangin amfetamin, da dangin hiroyin, da kuma ƙwayar PCP.

Ƙungiyoyin ƙwadago ba su amince ba, suka garzaya kotu. A watan Maris na 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Skinner, wadda ta shafi ma'aikatan jirgin ƙasa, inda ta yarda cewa karɓar fitsarin mutum wani nau'in bincike ne da tsarin mulki ya yi wa iyaka, amma ta halatta shi saboda kare rayukan jama'a. Cikin dalilan da alƙalan suka dogara da su akwai cewa ba a tilasta a tsaya a kan mutum ana kallonsa ba, kuma ana karɓar fitsarin ne a yanayi irin na asibiti, ta hannun waɗanda ba su da alaƙa da kamfanin da ya ɗauke shi aiki. Ke nan wani kaso na halaccin tsarin baki ɗaya ya rataya ne a kan yadda mai karɓa ke tafiyar da aikinsa. Sai dai ƙa'idar wancan lokaci ba ta faɗi abin a-zo-a-gani game da shi ba. Ta ce wanda ba ma'aikacin lafiya ba ne ya samu horo ya kuma nuna ya iya, ba tare da ta bayyana yadda za a auna iyawar ba, shi kuwa ma'aikacin lafiya mai lasisi ya isa a miƙa masa umarnin aikin kawai. An ɗauka cewa wanda ya saba karɓar fitsarin marasa lafiya zai iya wannan ma, alhali aikin ya bambanta, domin majinyaci ba ya da dalilin yaudarar mai jinyarsa, shi kuwa wanda abincinsa ke kan siraɗi yana da shi.

A watan Agustan 1991 wani direban jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke cikin maye ya haddasa hatsari a birnin New York, mutum biyar suka mutu, kuma bayan wata biyu aka sanya hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin ƙwaya da na barasa ga ma'aikatan sufuri masu riƙe da rayukan jama'a. Dokar ta zo da tsarin raba fitsari gida biyu, domin ma'aikacin da bai gamsu da sakamako ba ya nemi a gwada kwalba ta biyu a wani ɗakin gwaje-gwaje dabam. Ƙa'idojin da suka biyo baya a 1994 sun tsara wa mai gwada barasa ta numfashi kwas na musamman, amma aka bar mai karɓar fitsari a yadda yake, duk da cewa an ƙara masa aiki.

Gyaran ya zo ne ranar 19 ga Disamban 2000, lokacin da Ma'aikatar Sufuri ta sake rubuta Kashi na 40 gaba ɗaya, sabon tsarin kuma ya fara aiki sosai ranar 1 ga Agustan 2001, aka ba tsofaffin masu karɓa wa'adi zuwa ƙarshen Janairun 2003 su cika sharuɗɗan. An soke rangwamen da ake yi wa ma'aikatan lafiya, ta yadda likita da nas ma sai sun bi layi kamar kowa. Da farko mutum zai yi karatun da ya ƙunshi duk matakan aikin, da cike fom, da yadda ake fuskantar matsaloli, da nauyin kare sirrin ma'aikaci da mutuncinsa. Bayan nan sai ya gudanar da karɓa ta kwaikwayo sau biyar a jere ba tare da kuskure ko ɗaya ba, kuma dokar ta fayyace yadda za su kasance: biyu su tafi lami lafiya, ɗaya fitsarin ya gaza adadin da ake so, ɗaya ɗuminsa ya saɓa ƙa'ida, ɗaya kuma ma'aikaci ya ƙi sa hannu a fom da hatimin kwalba. Wanda zai sa ido a kan wannan jarrabawa dole ne shi ma ya kasance ƙwararren mai karɓa da ya yi aƙalla shekara guda yana aikin ko yana koyar da shi, ko kuma ya kammala kwas na horar da masu horarwa, kuma sai ya shaida a rubuce cewa babu kuskure. Duk shekara biyar sai an maimaita horon da jarrabawar.

Wanda ya dubi aikin a kusa zai gane dalilin wannan tsanani. Kafin ma'aikaci ya shiga, mai karɓa zai zuba bula a ruwan masai, ya rufe famfo ko ya ɗaure shi, ya kwashe sabulu da maganin wanke bayi, ya kuma leƙa duk wani lungu da za a iya ɓoye abu. Zai duba katin shaida mai hoto, ya sa ma'aikacin ya tuɓe rigar sanyi da hula, ya fito da abin da ke aljihunsa, ya wanke hannu. Ana buƙatar mililita 45. Cikin minti huɗu da miƙo kofin dole a karanta ma'aunin ɗumin da ke manne a jikinsa, wanda ake so ya nuna tsakanin digiri 32 zuwa 38, domin fitsarin da aka ɓoyo daga gida da wuya ya riƙe ɗumin jiki. Sannan a gaban idon mai shi za a zuba mililita 30 a kwalba ta farko, 15 a ta biyu, a liƙa hatimi, mai karɓa ya rubuta kwanan wata, ma'aikaci ya sa haruffan farko na sunansa. Fom ɗin kwafi biyar ne, na ɗakin gwaje-gwaje, da na likitan da ke tantance sakamako, da na mai karɓa, da na kamfani, da na ma'aikaci.

Inda aka fi gane horarre shi ne lokacin da fitsari ya ƙi zuwa. Dokar ta ce a ba mutum ruwa har kimanin lita ɗaya da ɗan ɗoriya, a rarraba shi cikin tsawon awa uku, kuma kada ya bar wurin, domin barin wurin kafin a kammala ana iya ɗaukarsa a matsayin ƙin gwaji, wanda hukuncinsa ɗaya ne da na wanda aka kama. Idan awa ukun suka cika ba a samu ba, sai a sanar da kamfani, a tura ma'aikacin wurin likita cikin kwana biyar ya duba ko akwai lalura. Mai karɓar da ya gaji da jira ya ce wa direba ya tafi ya dawo gobe, ko ya haɗa fitsarin farko da na biyu don cika adadi, ya saɓa ƙa'ida, kuma sau da yawa direban ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa.

Akwai kurakuran da ke kashe gwaji nan take, kamar lambar kwalba ta saɓa da ta fom, ko hatimi ya yage, ko a rasa suna da sa hannun mai karɓa duka biyun, akwai kuma waɗanda ake iya gyarawa da rubutaccen bayani. Duk wanda kuskurensa ya sa aka soke gwaji, wajibi ne ya koma horon gyara cikin kwana 30 da sanar da shi, ya sake karɓar kwaikwayo uku a jere, biyu daga ciki a kan ainihin abin da ya yi tuntuɓe a kai.

Abin da ya fi rikita sababbin shiga shi ne batun takardar shaida. Ma'aikatar Sufuri ba ta ba kowa satifiket, ba ta amince wa wata makaranta ta koyar da sunanta ba, ba ta kuma ajiye rajistar masu karɓa. Kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyin masu sana'ar ne ke sayar da kwasa-kwasai, da yawa ta intanet, su kuma buga takardu masu ƙyalli. A idon doka, abin da ke da muhimmanci shi ne mutum ya riƙe hujjar cewa ya yi karatun ya kuma ci jarrabawar kwaikwayo a gaban wanda ya cancanta, ko ido da ido ko ta hanyar da za su ga juna su yi magana kai tsaye, ya kuma nuna ta duk lokacin da jami'in gwamnati ko kamfani ya nema. Wanda ya kalli darasi a kwamfuta ya buga satifiket bai cika sharaɗi ba tukuna. Likitan da ke tantance sakamako kuwa sai ya ci jarrabawar wata hukuma da aka sani a faɗin ƙasa, kuma a ganina wannan bambanci ya nuna cewa har a gyaran 2000 ba a daina kallon karɓa a matsayin ƙaramin aiki ba.

Shekara shida da fara aiki da sabon tsarin, ofishin bincike na Majalisar Dokokin Amurka, GAO, ya tura jami'ansa cikin ɓad-da-kama a matsayin direbobi zuwa wuraren karɓa 24, ya kuma gabatar da sakamakon a watan Nuwamban 2007. Dukkan wuraren sun karɓi lasin tuƙi na jabu, 22 daga ciki ba su bi sauran ƙa'idojin da aka auna su da su yadda ya kamata ba, kuma kashi uku cikin huɗu sun bar ruwa ko sabulu ko makamancinsu inda hannu zai kai. Jami'an sun kuma yi nasarar shiga da fitsarin roba da magungunan ɓad-da-sawu da suka saya ta intanet. Wannan ya nuna cewa horon da babu mai bin sawunsa yakan tsaya ne a kan takarda, musamman a ƙananan asibitocin da karɓar fitsari aikin gefe ne ga ma'aikacin da ke fama da layin majinyata.

Martanin Ma'aikatar Sufuri a 2008 ya fi karkata ga ma'aikacin da ake gwadawa. Ta wajabta kallo kai tsaye ga duk wanda aka taɓa kamawa yana neman komawa aiki, da kuma gwaje-gwajen bibiya da ake yi masa daga baya, inda mai sa ido na jinsi ɗaya da shi zai sa ya ɗaga riga ya sassauta wando ya juya, don a tabbatar bai ɗaura wata na'urar yaudara ba. Kamfanin jiragen ƙasa na BNSF da ƙungiyoyin ƙwadago sun ƙalubalanci matakin, amma kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta tabbatar da shi a watan Mayun 2009, ya fara aiki a ƙarshen Agustan shekarar. Ga mai karɓa, wannan ƙarin nauyi ne mai buƙatar dattako, domin kuskure a nan yana iya zama cin mutunci. A Najeriya, inda hukumar NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa ke ta kira da a riƙa gwada 'yan siyasa da ɗalibai da masu shirin aure, inda kuma jihar Kano ta riga ta gwada 'yan takarar ƙananan hukumomi, muhawarar ta fi tsayawa a kan wanda za a gwada, ba a cika tambayar wanda zai riƙe kofin da irin horon da ya samu ba.

Sauye-sauyen baya-bayan nan sun ƙara wa mai karɓa abin koyo. A 2015 aka halatta cike fom ta kwamfuta, daga farkon 2018 kuma aka ƙara wasu magungunan kashe zafi masu sa maye irin su oksikodon cikin abin da ake nema, aka kuma wajabta wa masu karɓa yin rajista don samun sanarwar Ma'aikatar ta imel. A watan Mayun 2023 aka amince da gwajin yawu a matsayin zaɓi, wanda ake sa ran zai rage matsalar yaudara da ta kunya, tunda a gaban ido ake ɗaukarsa ba tare da an shiga ban-ɗaki ba. Ƙa'idar ta gindaya cewa ba za a fara ba sai Ma'aikatar Lafiya ta tantance aƙalla ɗakunan gwaje-gwaje biyu, ɗaya na samfurin farko, ɗaya na na biyu, ta kuma ce ƙwarewa a karɓar fitsari ba ta wadatar ba, sai mutum ya yi horo na dabam a kan na'urar yawun da zai yi aiki da ita, tare da nasa jarrabawar kwaikwayo guda biyar.