Ziyarar Dutsen Meron

Dutsen Meron yana Galili ta sama, a arewacin Isra'ila, kusa da iyakar Lebanon. Tsayinsa ya ɗan haura mita 1,200, Larabawa kuma suna ce masa Jabal al-Jarmak. A gangarensa na gabas, daura da garin Safad, akwai hubbaren da Yahudawa suke dangantawa ga Rabbi Shimon bar Yohai, kuma saboda wannan hubbare ne ake yin taron addini mafi girma na shekara a ƙasar a wannan wuri.

Bar Yohai malami ne na ƙarni na 2, almajirin Rabbi Akiba. Talmud, babban littafin shari'a da koyarwar malaman Yahudawa, ya kawo cewa ya soki mulkin Rumawa, aka yanke masa hukuncin kisa, sai ya ɓuya a kogo shi da ɗansa Elazar har shekara 13, ba su da abinci sai 'ya'yan itacen karub, mai kama da ɗorawa, da ruwan wani marmaro. A gare shi ake jingina Zohar, babban littafin Kabala, wato ilimin baɗini na Yahudawa, ko da yake littafin bai bayyana ba sai a ƙarni na 13 a Spaniya, kuma masana tarihi da yawa suna ganin Moshe de Leon ne ya rubuta mafi yawansa.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda tafiyar ƙafa kanta ta zama ibada a waɗannan duwatsu. Bayan an kori Yahudawa daga Spaniya a 1492, wasu suka zauna a Safad, garin ya cika da malaman Kabala a ƙarni na 16. Moshe Kordobero (1522–1570) da malaminsa Shlomo Alkabez sukan bar gida su shiga tsaunuka, wani lokaci ba takalmi, suna bin kaburburan malaman da suka shuɗe. A fahimtarsu, hasken kusancin Ubangiji yana gudun hijira tare da al'ummarsu, don haka wanda ya ɗora wa kansa wahalar hanya ya yi tarayya da shi cikin wannan hijira. Suna tafe suna tattauna ayoyin Attaura, duk ma'anar da ta faɗo musu ba shiri suna ɗaukarta buɗi ne da tafiyar ta jawo. Kordobero ya rubuta waɗannan a littafin Sefer Gerushin. Ishaƙ Luriya, wanda ya rasu a Safad a 1572, shi ma ya riƙa fita da almajiransa haka. Daga baya Rabbi Nahman na garin Bireslob a Yukren (1772–1810) ya koyar da cewa mutum ya fita daji shi kaɗai ya yi wa Allah magana da harshen da ya tashi da shi, mabiyansa kuwa har yau ana ganinsu a dazukan Meron suna wannan kaɗaita.

Mai tattaki daga Safad yakan sauka kwarin Amud, inda ruwa ke gudana ƙarƙashin itatuwan ɓaure, ya wuce kangon gidajen niƙa masu aiki da ruwa, sannan ya fara hawa. Tafiyar 'yan sa'o'i ce. Babbar hanyar tattaki ta ƙasar, wadda aka buɗe a 1995, ta biyo ta nan. Dutsen gandun daji ne mai kariya, ga ƙauyukan mabiya addinin Duruz kamar Beit Jann da Hurfeish a jikinsa. Ƙauyen Meron na yanzu an kafa shi a 1949, a inda ƙauyen Falasɗinawa na Meirun yake kafin mutanensa su rasa shi a yaƙin 1948.

Babbar ranar ita ce Lag BaOmer, 18 ga watan Iyar na kalandar Yahudawa, rana ta 33 cikin kwanakin da ake ƙirgawa tsakanin idin Fesah (Idin Ƙetarewa) da na Shabu'ot (Idin Makonni), wadda ake cewa ranar ce Bar Yohai ya rasu. Ba makoki ake yi ba, biki ake yi. Ana ɗauko naɗin Attaura daga Safad da kiɗa, al'adar da iyalin Abu suke riƙe da ita tun ƙarni na 19. Da dare a kunna manyan wuta, babbar cikinsu haƙƙin shugaban Hasidawan Boyan (wata ɗarika ta Yahudawa) ce, a kwana ana waƙa da rawa. Iyaye kuma sukan kawo yara maza 'yan shekara 3 a yi musu askin fari, a bar musu gashi a gefen kunne.

Sai dai wurin bai kai girman taron ba, kuma an daɗe da sanin haka. Tun a 1911 wani sashe na ginin ya rufta da mutane, aka rasa rayuka. Ranar 30 ga Afrilu 2021 jama'a suka cunkushe a wani lungu mai gangara da santsi, mutum 45 suka mutu, har da yara. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya fitar da rahotonsa a Maris 2024, ya ɗora alhaki a kan manyan jami'ai, ciki har da firaminista Binyamin Netanyahu. Bayan hatsarin an taƙaita yawan masu shiga, a 2024 kuma aka hana taron saboda rokokin Hizbullah daga Lebanon.