Shemita: dokar Yahudawa ta hutar da gona duk shekara ta bakwai

A shari'ar Yahudawa, manomin da ke noma a ƙasar Isra'ila yana da shekara shida na shuka da girbi. A ta bakwai ba ya shuka, kuma abin da itatuwan gonarsa suka haifa ba nasa ba ne. Wannan ita ce shemita. Asalinta yana cikin Attaura: Fitowa 23:10-11 da Littafin Firistoci 25:1-7 sun yi maganar gona, Maimaitawar Shari'a sura 15 kuma ta haɗa da yafe bashi. Gane shekarar ba wuya: duk shekarar kalandar Yahudawa da ta rabu da 7 ba saura, ita ce. Ta baya ita ce 5782, daga Satumban 2021 zuwa Satumban 2022. Mai zuwa 5789, za ta kama a Satumban 2028.

Dokar gona ba ta bin Bayahude duk inda ya je. Wanda ke noma a Amurka ko Ajantina nomansa yake yi kamar kullum. Sannan akasarin malamansu suna ganin a wannan zamani wajibcin na malamai ne, ba na Attaura kai tsaye ba, kuma ta wannan ƙofa ce duk sassaucin da za mu ambata ya shigo.

Manomin Hausa ya san saura: a bar wannan gona ta huta a koma waccan. Shemita ta bambanta ta fuska biyu. Gonakin ƙasar duka ne ke hutawa lokaci guda, kuma ba ƙasa kaɗai ake saki ba, har da mallaka. Mai gonar inabi ba ya kulle ƙofa. Talaka, baƙo, maƙwabci, dabbar daji, kowa na da hakkin ci, shi ma mai gonar yana ɗiban na gidansa kamar kowa.

Ayyuka huɗu ne Attaura ta ambata da suna: shuka, datse rassan inabi, girbin hatsi, da tsinkar inabi irin ta kasuwanci. Huɗa da dashen itace ma haramun ne. Malamai suka ƙara da zuba taki, cire ciyawa da ban ruwa, amma da togaciya mai muhimmanci: aikin da zai hana itace mutuwa ya halatta, wanda zai ƙara masa yabanya bai halatta ba. Mai gonar lemo zai ba da ruwan da zai riƙe itacen, zai yi feshi idan ƙwari na neman kashe shi, amma ba zai yi masa gyaran da zai sa baɗi ya fi haihuwa ba. A ƙasar da ruwan sama ke sauka daga Oktoba zuwa Afrilu, ana shuka alkama wajen Nuwamba, shekarar da ta fara a Satumba ta cinye damina guda cur. Shi ya sa wasu ke gaggawar shuka kafin shekarar ta shiga, su ɗauki kasadar zuba iri a busasshiyar ƙasa. Mai dashen itacen marmari kuwa sai ya gama kwana 44 kafin shekarar shemita ta shiga.

Akwai wani hukunci da ke ba mutane mamaki. Gyauron hatsi da na kayan lambu, wanda ya tsiro da kansa cikin shekarar, Attaura ba ta hana cinsa ba, amma malamai sun hana. Dalili kuwa halin ɗan Adam ne: mutane sun riƙa shuka a ɓoye suna cewa gyauro ne. 'Ya'yan itace ba su shiga wannan hani ba, tunda ba wanda zai dasa mangwaro yau ya ce ya fito da kansa.

Lokacin da amfani ke zama na shemita ya danganta da irinsa. Kayan lambu ana duba ranar da aka tsinke su. 'Ya'yan itace ana duba lokacin da suka fara ƙulluwa bayan fure. Hatsi da zaitun sai sun kai sulusin girmansu. Saboda haka tumatir yana shiga dokar tun makon farko, lemon zaƙi na shemita kuwa sai a shekara ta takwas yake cika kasuwa. Nan ne masu saye suka fi yin kuskure, su ɗauka shekara ta wuce komai ya wuce.

A cikin gida, amfanin shemita yana da tsarki na musamman, kuma tsarkin nan a aikace yana nufin ba a wulaƙanta shi. Ana cinsa yadda aka saba: abin da ake ci ɗanye ba a dafa shi, abin da ake dafawa ba a cinsa ɗanye. Abincin da ya dace da mutum ba a zuba wa dabba. Ba a kasuwanci da shi, ba a fitar da shi waje da ƙasar. Ragowar tuffa ko ɓawon da ke da sauran nama ba a jefa shi cikin shara kai tsaye. Gidaje da yawa suna ajiye wani ƙaramin kwando daban, a ƙulle ragowar kowace rana a leda, a bari ta ruɓe da kanta sannan a zubar. Ba a haɗa ta yau da ta shekaranjiya, don ruɓaɓɓiyar za ta gaggauta lalata sabuwar, wannan kuwa ɓarna ce da hannu. A bikin rufe Asabar, ranar hutun Yahudawa ta mako, an saba cika kofin ruwan inabi har ya zuba, a kashe kyandir a cikin abin da ya zuba. Da inabin shemita ba a yin haka.

Sai hukuncin bi'ur, wanda shi ne ya fi nuna manufar dokar. Mutum na iya ajiye amfani a gida muddin irinsa na nan a gona inda dabbar daji za ta samu. Ranar da ya ƙare a gona, sai a fitar da abin da ke rumbu, a bar wa kowane mutum na gidan abincin ci uku kawai, a furta a gaban mutum uku cewa sauran ba shi da mai shi. Bayan haka kowa na iya ɗauka, har da wanda ya fitar. Talmud, babban littafin fiƙihun Yahudawa, ya sa wa'adi da bukukuwansu: ɓaure zuwa bikin Hanuka, dabino zuwa Furim, inabi zuwa Idin Ƙetarewa, zaitun zuwa Shabu'ot. Wanda ya bari wa'adi ya wuce da gangan, malamai da yawa sun ce abin ya haramta gare shi. Ma'ana, ba a yarda ka tara ba alhali na waje ya rasa.

To yaya ƙasa mai mutum miliyoyi ke ci? Tambayar ta taso ne tun 1888-1889, lokacin da sababbin ƙauyukan noma na Yahudawa suka ga shekara ɗaya ba girbi za ta rusa su. Malam Yitzhak Elhanan Spektor na birnin Kovno a Lithuania ya amince da abin da ake kira heter mekira: a sayar wa wanda ba Bayahude ba gonar na ɗan lokaci, tunda a wani ra'ayi gonar wanda ba Bayahude ba ba ta ƙarƙashin dokar. Malam Abraham Isaac Kook ya kare wannan hanya a shemitar 1909-1910, yana mai cewa ta lalura ce. A yau manomi na sa hannu a takardar wakilci, Babbar Majalisar Malaman Isra'ila ta sayar a madadinsa, kuma wata dokar majalisar ƙasa ta 1979 ta ba cinikin inganci ba tare da an yi masa rajista a ofishin filaye ba. Ko da haka, ayyukan da Attaura ta ambata da suna an so waɗanda ba Yahudawa ba su yi su. Masu suka, a gabansu Malam Abraham Yeshaya Karelitz wanda aka fi sani da Hazon Ish, sun ce hila ce kawai, ba mai sayarwa ko mai saye da ya ɗauki cinikin da gaske, kuma sayar da ƙasar ma kansa haramun ne.

Hanyar da Hazon Ish ya goyi bayanta ita ce otsar bet din, wato rumbun kotun malamai. Kotu ta ɗauki manomi a matsayin ma'aikacinta, ya tsinke 'ya'yan itace a madadin jama'a, a raba, mai karɓa ya biya kuɗin tsinka da dako da ajiya kawai, ban da kuɗin amfanin. A ganinmu wannan ce ta fi kusa da ruhin dokar, sai dai tana da rauni biyu: ba ta warware matsalar kayan lambu da ake shukawa duk 'yan watanni, kuma idan farashinta ya kamo na kasuwa, mutane kan tambaya ina bambancin.

Sauran giɓin ana cike shi da amfanin manoma Falasɗinawa, da wanda ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, da na kudancin kwarin Araba da wasu ke ganin yana wajen iyakar dokar, da wanda ake nomawa a ɗakunan shuka cikin tukwane da aka raba da ƙasa da shimfiɗar leda.

Gwamnati ba ta kama manomi don ya yi shuka a shemita. Ƙarfin dokar yana zuwa ne ta takardar shaidar kosha, wato shaidar cewa abinci ya halatta a shari'ar Yahudawa, wadda kanti ko otal ke buƙata. A 2007 Babbar Majalisar Malamai ta bar wa malamin kowane gari zaɓin hana takardar ga mai sayar da amfanin heter mekira. Manoma da 'yan kasuwa suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke wannan tsari, ta ce a naɗa wanda zai ba da takardar inda malamin gari ya ƙi.

Masu fafutukar muhalli cikin Yahudawa, musamman a Amurka, sun riƙe shemita a matsayin hujjar hutar da ƙasa da rage ɓarnar abinci, kuma hukuncin ragowar abinci da na bi'ur suna goyon bayansu sosai. Amma a aikace, tsananin wasu kan ƙare ne a kokwamba da aka yo dakonta daga nesa, sassaucin wasu kuma a gonar da ba ta huta ko kwana ɗaya ba. Gonakin da ke hutawa da gaske su ne na manoman da suka ajiye aiki ɗungurungum, irin na ƙauyen Komemiyut, waɗanda asusun tallafi na Keren Hashevi'it ke riƙe da su har shekara ta fita.

Duk da hanin fitar da amfanin shemita, mai sayen kayan Isra'ila a waje ma abin na iya shafarsa, musamman a ruwan inabi da man zaitun da ke daɗewa a kanti. Inabin da aka tsinka a bazarar 2022 na shemita ne, don haka mai kiyaye dokar kan duba bayan kwalba ya ga ko an rubuta heter mekira ko otsar bet din kafin ya biya.