Wai kuɗin tallafin Amurka na wa'azi ne?

An daɗe ana yawo da maganar nan, wai duk dalar da gwamnatin Amurka ta ba ƙungiyar addini irin su Catholic Relief Services ko World Vision to kuɗin juya wa mutane addini ne kawai, kuma ba mai bin sawu. Gaskiya ba haka tsarin yake ba.

A 2001 shugaban Amurka George W. Bush ya buɗe ofishin hulɗa da ƙungiyoyin addini a Fadar White House, sai a 2004 USAID, hukumar Amurka ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, ta fitar da ƙa'ida ƙarara: kuɗin gwamnati ba a yin ibada da shi, ba wa'azi, ba karantar da addini, in ƙungiya na son yin nata to ta ware lokaci ko wuri daban da kuɗinta, kuma ba ta da ikon hana ka buhun abinci ko maganin ƙanjamau don ba addininku ɗaya ba. Kuma fa ba Kiristoci kaɗai ke karɓa ba, Gidauniyar Aga Khan, wadda jagoran Musulmi mabiya Isma'iliyya ya kafa, ita ma ta sha karɓa.

Batun sa ido kuwa, majalisar dokokin Amurka ce ke ware kuɗin, ga sufeto janar mai bin rasit, ga GAO mai binciken kashe kuɗin gwamnati. Ana samun maguɗi? Sosai ma, ai yawanci daga rahotanninsu ake jin labarin.

Abin da ya fi damuna shi ne 2025, da gwamnatin Trump ta sallami sufeto janar ɗin USAID a Fabrairu, zuwa Yuli kuma aka rufe hukumar aka mayar da ragowar aikin ma'aikatar harkokin waje.