Busasshiyar Allura: Horo da Ƙa'idojin Aiki ga Likitocin Gashi

Busasshiyar allura hanya ce ta rage ciwon tsoka wadda likitocin gashin ƙashi, wato fisiyo, ke amfani da ita. Ana soka siririyar allurar ƙarfe marar rami, wadda kaurinta bai cika wuce milimita 0.3 ba, a cikin ƙullin da tsoka kan yi idan ta ɗaure. Ba a ɗura wani magani ta cikinta. Idan ta faɗa daidai kan ƙullin, sai a ga tsokar ta zabura, daga baya ta saki. Wurin kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu.

Tushen aikin binciken likitocin Amurka ne, Janet Travell da David Simons, a kan ƙullin tsoka. A 1979 likitan ƙasar Cek, Karel Lewit, ya wallafa cewa sauƙin da ake samu bayan an yi wa ƙulli allurar magani, sukar ce ke kawo shi, ba ruwan maganin ba. Busasshiyar allurar iri ɗaya ce da ta akufanca, wato maganin gargajiyar Sinawa na soka allurai a jiki, amma tunanin daban ne: nan ilimin tsoka da jijiya ake bi. Ba kuma sakiya ba ce, ba ƙahon wanzamai ba, domin ba jini ko mugunya ake son fitarwa ba.

Dalilin sa ido

Allurar kan shiga jiki santimita da yawa. A saman kafaɗa da tsakanin haƙarƙari, huhu na kusa ƙwarai. Idan hannu ya kauce aka huda shi, iska kan taru a ƙirji, numfashi ya yi wuya, sai an garzaya asibiti. Hakan ba ya yawan faruwa, amma ya isa dalili. Akwai kuma taruwar jini ga masu shan maganin hana jini daskarewa irin su wafarin, da haɗarin ciwon hanta ko ƙanjamau idan an maimaita allura. Ƙa'ida ita ce allura ɗaya, mutum ɗaya, a buɗe ta a gabansa, a jefa ta kwalin allurai.

Yadda ƙasashe ke yi

Duniya ba ta da mizani ɗaya. A Amurka kowace jiha da dokarta: yawancinsu sun yarda, wasu da sharaɗin awannin horo, Kalifoniya da New York kuwa ba su ba likitocin gashi wannan dama ba. A Ostareliya suna iya yin aikin, amma sunan "mai akufanca" doka ta keɓe shi ga masu rajista ta musamman.

A Najeriya, hukumar MRTB da aka kafa bisa Dokar Soja ta 38 ta 1988 ita ke yi wa likitocin gashi rajista da ba su lasisi, ita kuma ke duba makarantun da ke koyar da fannin, kamar sassan da ke Jami'ar Bayero da ta Maiduguri. Sai mutum ya gama digiri, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ya samu cikakkiyar rajista. Ƙungiyar ƙwararrun fannin, NSP, ta girmi hukumar, tun 1959 take.

Halin Abuja

Masu bukata suna da yawa: ma'aikacin da ya wuni a gaban kwamfuta a Sakatariya wuyansa ya sandare, da direban da cunkoson Nyanya da Mararaba ya bar shi da ciwon ƙugu. Busasshiyar allura kuwa galibi bayan digiri ake koyonta, a kwas na 'yan kwanaki. A nan ne ake yawan ruɗewa. Takardar halartar kwas shaida ce cewa mutum ya zauna a aji, ba lasisi ba ce, kuma ba ta mayar da mai tausa ko mai horarwa a gidan motsa jiki likita. Kwas mai inganci, a ganina, shi ne wanda ba ya karɓar kowa sai mai rajista, ɗalibi ya soka allura malami na tsaye a kansa, a gwada shi kafin a sallame shi, a kuma koya masa alamomin hujewar huhu.

Majiyyaci yana da haƙƙin cewa, "Likita, ko zan ga lasisinka? A ina ka koyi wannan?" Kuma allurar kan fi amfani idan an haɗa ta da atisaye da gyara zama, domin sauƙin da take kawowa ita kaɗai yawanci na ɗan lokaci ne.